Tarar rabin yini: wa ke iya tanƙwara Meta da ire-irensa?

A watan Mayun 2025 labari ya fito daga cikin takardun da kamfanin Meta, mamallakin Facebook da Instagram da WhatsApp, ya shigar a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja cewa in aka matsa masa lamba, zai iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya baki ɗaya. Abin da ya fusata shi tara ce har hawa uku. Hukumar kare haƙƙin masu saye da sa ido kan gasar kasuwanci, FCCPC, ta ci shi dala miliyan 220 a watan Yulin 2024, bayan binciken wata 38. Hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, ta ɗora masa naira biliyan 60. Sai hukumar kare bayanan jama'a, NDPC, ta ƙara da dala miliyan 32.8. Babban zargin da FCCPC ta yi shi ne kamfanin yana kwasar bayanan 'yan Najeriya yana rarrabawa ba da yardarsu ba, kuma zaɓin da yake bai wa mutanen wasu ƙasashe kan bayanansu ya hana 'yan Najeriya. Meta ya ɗaukaka ƙara, kotun da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da tarar FCCPC a watan Afrilun 2025.

Dala miliyan 220 kuɗi ne masu tayar da hankali in an juya su zuwa naira. To amma a ɗora su a sikelin Meta. A shekarar 2024 kamfanin ya samu kuɗin shiga dala biliyan 164.5, wato wajen dala miliyan 450 kowace rana ta Allah. Ke nan tarar da Najeriya ta shafe fiye da shekara uku tana bincike kafin ta yanke ba ta cika cinikin sa'a goma sha biyu ba. Ko ƙasarsu ta haihuwa haka abin yake. A 2019 hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5 kan badaƙalar Cambridge Analytica, kamfanin da ya samu bayanan mutum har miliyan 87 don aikin siyasa, kuma wanda jaridun Birtaniya suka bankaɗo cewa ya tsoma hannu a zaɓen Najeriya na 2015. Ranar da labarin tarar ya fito, farashin hannun jarin Facebook hawa ya yi, domin masu jari sun ga ashe abin bai kai yadda suke tsoro ba.

Tunda kuɗin ba su taka kara sun karya ba, me ya kawo barazanar tattara komatsai? Amsar tana cikin lissafin da kamfanin da kansa yake fitarwa. A wata ukun ƙarshe na 2023, abin da Facebook ya samu a kan mutum ɗaya a Amurka da Kanada ya kai dala 68. A Turai dala 23. A rukunin da ake jefa Afirka ciki, wanda ma ba a ba shi suna ba sai dai "sauran duniya", dala 4 da rabi. Muna da yawa, amma a littafin akawunsu ba mu da tsada. Shi kuwa ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke ɗora hoton shadda da atamfa a Instagram, da matar da ke sayar da turaren wuta da humra daga ɗakinta ba tare da ta taka ƙofar gida ba, da malamin da ke karatu kai tsaye a Facebook, duk in aka rufe yau, su ne za su kwana da yunwa ko su rasa masu sauraro. Kamfanin ya san mun fi buƙatarsa fiye da yadda yake buƙatarmu, ƙarfinsa ke nan, kuma shi ya sa barazanar ta yi armashi ko da bai aiwatar da ita ba. Daga baya, a watan Oktoban 2025, shi da NDPC suka sasanta a wajen kotu.

Kafin a yi maganar hukunta su, ya kamata a san sana'arsu. Kusan duk kuɗin Meta, fiye da kashi 95 cikin ɗari, daga talla suke fitowa. Ba ka biyan ko sisi don buɗe shafi, saboda kai ba mai saye ba ne; idonka da lokacinka ake sayar wa masu talla. Duk minti ɗaya da ka ƙara kana murza waya, an samu gurbin nuna maka wata talla. Don haka aka gina wani tsarin lissafi, algoridim, wanda aikinsa shi ne ya zaɓo maka, daga cikin dubban abubuwan da aka wallafa, wanda zai fi riƙe ka. Wannan tsarin ba shi da addini, ba shi da ƙabila, bai san ƙarya ba, bai san gaskiya ba. Abin da ya sani kawai shi ne me ke sa mutane su tsaya, su yi sharhi, su tura wa wasu. Kuma duk wanda ya taɓa zama a majalisa ya san ba nasiha ce ke tara jama'a ba, rigima ce.

Wannan ba zato ba ne. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fita da dubban takardun cikin gida ta miƙa wa hukumomin Amurka da 'yan jarida. A ciki aka ga cewa tun 2017 kamfanin ya sa kowace alamar motsin rai, har da jar fuskar nan ta fushi, ta ninka alamar babban yatsa sau biyar a maki. Ma'ana, rubutun da ya harzuƙa mutane shi ake ƙara turawa gaba. Masu binciken kamfanin da kansu suka gano cewa rubutun da ke jawo alamar fushi ya fi yawan ƙunsar ƙarya da cin zarafi, amma sai a 2020 aka sauke makin alamar zuwa sifiri. Shekara uku ke nan ana hura wuta da mafici.

Idan aka tunkare su, kariyar da suke kawowa guda ce: mu fili muka bayar, ba mu muka rubuta ba. Wannan hujja tana da gindi a dokar Amurka ta 1996, sashe na 230, wanda ya ce ba za a ɗauki mai dandalin intanet a matsayin mawallafin abin da wani ya sa a dandalinsa ba. An yi dokar shekara takwas kafin a ƙirƙiri Facebook, lokacin da dandali bai wuce allon liƙa sanarwa ba. A wancan zamanin tana da ma'ana, domin ba a kama sarkin kasuwa don wani ya yi ashar a rumfarsa. Sai dai kamfanonin yau sun tashi daga sarkin kasuwa sun koma sanƙira, wanda ke zagayawa yana sauraron kowa, ya zaɓi maganar da ta fi zafi, ya hau tudu ya shelanta ta ga gari, sannan a biya shi gwargwadon yawan waɗanda suka taru. Wanda ya yi haka ba zai ce ba ruwansa da abin da aka faɗa ba. Dokar dai ba ta sauya ba, kuma da yake manyan kamfanonin a Amurka suke, inuwarta ta rufe duniya.

Mu a arewa mun ga abin da wannan ke haifarwa da idonmu. A ƙarshen watan Yunin 2018 an yi mummunan kisa a yankin Gashish na jihar Filato. Kisan gaskiya ne, rayuka da dama sun salwanta. Amma hotunan da suka karaɗe Facebook a lokacin, aka ce na abin da ke faruwa ne, wasunsu ba su da alaƙa da Gashish ko kaɗan. Binciken da BBC ta fitar a watan Nuwamban shekarar ya gano cewa ɗaya daga cikin bidiyoyin a Kongo Brazabil aka ɗauke shi tun 2012, wani hoton kuma ya daɗe yana yawo kafin rikicin. Ranar 24 ga Yuni matasa suka tare hanya a Jos, aka fizgo mutum 11 daga motoci aka kashe. 'Yan sandan jihar sun ce hotunan sun taimaka wajen rura wutar. A lokacin da BBC ta yi binciken, Facebook na da masu amfani da shi miliyan 24 a Najeriya, masu bin diddigin labaran ƙarya na cikakken lokaci da abokan hulɗarsa suka ajiye kuwa mutum huɗu ne, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu.

Batun harshe shi ne inda gizo ke saƙar, kuma shi ne abin da masu tsara doka a Abuja suka fi yin watsi da shi. Takardun Haugen sun nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na abin da kamfanin ya ware don tantance labaran ƙarya Amurka aka ware wa, sauran duniya ta raba kashi 13, alhali mutanen Arewacin Amurka ba su wuce kashi ɗaya cikin goma na masu hawa dandalin kullum ba. Na'urar da ke tace rubutu da Ingilishi aka yaye ta. Bahaushe kuwa in zai zagi mutum ba lallai ya yi ashar ba. Yana da habaici, yana da zambo, yana da gugar zana, yana da laƙabin da ƙungiya ɗaya ke kiran ɗaya da shi wanda baƙo zai ɗauka yabo ne. Jimla guda da aka ce "wane ya taɓa janibin da ba a taɓawa, ga unguwarsu" ba ta da kalma ɗaya ta zagi, amma duk ɗan arewa ya san tana iya zama hukuncin kisa. Ga kuma saƙon murya, wanda shi ne jaridar wanda bai yi boko ba, yana yawo a rukunonin WhatsApp inda ko kamfanin ba ya iya jin abin da ke ciki. A ɗaya gefen kuma, na'urar da ba ta jin harshe takan rufe shafin bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, mutum ya yi ta aika koke babu ɗan adam ɗaya da zai amsa masa.

Ba mu kaɗai ba ne. A Myanmar, masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce Facebook ya taka muhimmiyar rawa wajen yaɗa ƙiyayyar da ta kai ga kisan Musulmin Rohingya, kuma a 2018 kamfanin ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba. A Habasha, lokacin yaƙin Tigray, an wallafa hoton Farfesa Meareg Amare na Jami'ar Bahir Dar a Facebook tare da unguwar da yake zaune da zarge-zarge. Ɗansa ya yi ta kai ƙara ga kamfanin a cire, ba a cire ba. A watan Nuwamban 2021 aka harbe shi a ƙofar gidansa. Ɗan ya shigar da ƙara a Kenya a Disambar 2022, domin a lokacin a Nairobi ake tace rubutun yankin. Meta ya ce kotun Kenya ba ta da hurumi a kansa tunda shi kamfanin Amurka ne. Sai a Afrilun 2025 babbar kotun ƙasar ta ce tana da hurumi. Fiye da shekara biyu ke nan ana jayayya kan ko za a saurari ƙarar ma tukuna.

Waccan cibiyar ta Nairobi ita ma labari ce. Ba Meta ne ya ɗauki ma'aikatan kai tsaye ba, wani kamfani mai suna Sama ya bai wa kwangila. Matasa ne daga ƙasashen Afirka daban-daban, har da 'yan Najeriya masu duba rubutun Hausa, suna wuni suna kallon yankan rago da fyaɗe da ƙunar baƙin wake don kada mu mu gani. Mujallar Time ta ruwaito a 2022 cewa wasunsu dala ɗaya da rabi ake biyan su a sa'a. Da aka sallame su a 2023, fiye da 180 suka kai ƙara, Meta ya ce ba ma'aikatansa ba ne. A Satumbar 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta Kenya ta ce ana iya gurfanar da shi. Salon dai ɗaya ne ko'ina: riba ta hau sama zuwa Kalifoniya, alhaki kuma a bar shi a hannun ɗan kwangila.

A can saman ma, mutum nawa ne ke yanke hukunci? Mark Zuckerberg na riƙe da wani nau'in hannun jari da kowane ɗaya ke da ƙuri'a goma, wanda ya ba shi kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙuri'un kamfanin. Ko duk sauran masu jari sun haɗa kai ba za su iya tsige shi ba. Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022 kan dala biliyan 44, cikin 'yan kwanaki ya kori kusan rabin ma'aikata, har da kusan dukan na ofishin Akara, wanda shi ne kaɗai ofishin kamfanin a Afirka. A Janairun 2021 waɗannan dandali suka toshe bakin shugaban Amurka mai ci, Donald Trump. Ko Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, wadda ba ta ga maciji da shi, ta ce abin akwai matsala. A Janairun 2025, da Trump ɗin ya sake cin zaɓe, Zuckerberg ya fito ya soke shirin bin diddigin labarai a Amurka. Ƙa'idar abin da mutane biliyan uku za su iya faɗa tana juyawa ne da iskar da ta kaɗa mutum ɗaya, wanda ba wanda ya zaɓe shi.

To sai a ce gwamnati ta taka musu birki. A nan ne nake ja da baya, domin mun ga irin birkin. Ranar 2 ga Yunin 2021 Twitter ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari da ya yi wa masu tayar da ƙayar baya a kudu maso gabas tuni da yaƙin basasa. Bayan kwana biyu ma'aikatar yaɗa labarai ta Lai Mohammed ta sanar da dakatar da Twitter, kuma a Twitter ɗin ta sanar. Aka yi kwana 222 a rufe, har zuwa 13 ga Janairun 2022, bayan kamfanin ya yarda zai yi rajista a Najeriya, ya naɗa wakili, ya biya haraji. Sharuɗɗan ba su da aibu. Amma a duba abin da ya tayar da gwamnati: ba mutum 11 na hanyar Jos ba, saƙon shugaban ƙasa guda ɗaya. A Yulin 2022 kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa wa doka.

In kuma aka ce za a hukunta wani, a kan na ƙasa sandar ke sauka. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda sun taɓa gwamnan lokacin. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya zama bulalar dukan 'yan jarida da masu sukar manya, har sai da kotun ECOWAS ta ce a gyara shi, aka yi masa kwaskwarima a 2024. Ba ina wanke masu rawar banza da zagin mutane a TikTok ba ne. Wasunsu sun cancanci a ja musu kunne. Amma yaron da ya gano cewa rashin kunya ce ke kawo mabiya, darasin da dandalin ya koya masa ya haddace. Shi yana shan bulala, malamin nasa ko sammaci bai samu ba. Gaba damisa ke nan, baya siyaki: kamfanin da ba ya jin kira, da hukumar da in ka ba ta wuƙa kai za ta fara yanka.

Duk da haka akwai inda aka tanƙwara su, kuma yana da kyau a ga yadda aka yi. A Brazil, alƙalin kotun ƙoli Alexandre de Moraes ya rufe X, wato tsohon Twitter, a ƙarshen Agustan 2024 saboda ƙin bin umarnin kotu da ƙin naɗa wakili. Musk ya yi ta kumfar baki, daga ƙarshe ya biya tarar wajen dala miliyan 5, ya naɗa wakilin, aka buɗe a Oktoba. Mutane da dama na ganin alƙalin ya wuce gona da iri, kuma suna da hujja, amma aƙalla kotu ce ta yi, ba minista a fusace ba, kuma kasuwar Brazil ta fi ƙarfin a yi fushi da ita. Tarayyar Turai ta bi wata hanyar da ta fi burge ni. Dokarta ta ayyukan dijital, wadda ta fara aiki kan manyan dandali a Agustan 2023, ba ta tsaya kan goge saƙo kaza ko kaza ba. Ta tilasta wa duk dandalin da ke da mutum miliyan 45 ya riƙa auna haɗarin da tsarinsa ke jawowa, ya bari masu bincike na waje su duba, ya gaya wa mutum dalilin cire rubutunsa tare da ba shi damar ɗaukaka ƙara, ya ba shi zaɓin kallon shafinsa ba tare da an bi sawunsa ba, ya kuma wallafa yawan masu tace rubutun da yake da su a kowane harshe na Tarayyar. Wanda ya ƙi, tararsa na iya kai kashi 6 cikin ɗari na cinikinsa na duniya gaba ɗaya. Ga Meta, wannan ya doshi dala biliyan 10.

Sharaɗin nan na harshe shi ne wanda zan so in ga Najeriya ta kwafa kafin komai. Muna da madafa. Ƙa'idar aiki da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ta fitar a 2022 ta riga ta wajabta wa manyan dandali su yi rajista, su ajiye jami'in tuntuɓa, su kawo rahoto duk shekara. Abin da ya rage shi ne a sa rahoton ya amsa tambayoyin da ke da amfani, a kuma baje shi kowa ya gani. Mutum nawa kuke da su masu jin Hausa, da Fulfulde, da Kanuri, da Tibi? A ina suke zaune? In aka kai ƙarar rubutun da ya ambaci sunan mutum da unguwarsa, sa'a nawa kuke ɗauka? Sau nawa gwamnati ta nemi ku cire abu, kuma wane iri? Tambayar ƙarshen nan ita ce za ta sa a gane ko da gaske ake, domin hasken da ta kunna ba kan kamfanin kaɗai zai faɗa ba. Tara kuwa baitulmali take shiga, iyalan waɗanda aka kashe a hanyar Jos ba za su ga ƙwandala ba, kuma ba ta ƙara ma'aikaci ɗaya mai jin Hausa.

Sai dai ƙofar tana ƙara tsukewa. Gwamnatin Trump ta ɗauki duk wata doka ko haraji da aka ɗora wa kamfanonin fasahar Amurka a matsayin takala, tana barazanar ramawa da harajin shigo da kaya. Kanada, maƙwabciyarsu kuma mai arziki, ta janye harajinta na ayyukan dijital a ƙarshen Yunin 2025, 'yan kwanaki bayan Trump ya dakatar da tattaunawar ciniki da ita. Turai ta iya tsayawa ne don ƙasashe 27 ne da murya ɗaya da mutum wajen miliyan 450 masu kuɗin saye. Afirka ma tana da tata yarjejeniyar kan tsaron intanet da kare bayanan jama'a, wadda shugabanni suka amince da ita a Malabo a 2014. Ana buƙatar ƙasashe 15 su tabbatar da ita a gida kafin ta fara aiki, kuma sai da aka kai 2023 aka haɗa 15 ɗin, daga cikin ƙasashe 55.